Babi na Shida: Yadda Ake Karanta Bayan Leda da Gwangwani

Darasi na 1: Juya ledar

'Yan'uwa, kowa ya ɗauko leda ko gwangwanin da na ce a zo da shi. Wadda ta manta ta matsa kusa da maƙwabciyarta, ba komai.

Gaban leda talla ce. Nan ake zana saniya mai ƙiba da yaro yana dariya. Abin da kamfani ya zuba a ciki kuwa yana baya, cikin ƙananan rubutu kamar tururuwa. To juya ledar. Idan ido ba ya gani sosai, a matsa bakin taga.

Nemo kalmar Ingredients. Tana farawa da harafin I, mai kama da sanda a tsaye, sai n, sai g. Ma'anarta kayan haɗi. Ana jera su ne daga wanda ya fi nauyi zuwa wanda ya fi ƙaranci. Idan Sugar, wato sukari, ya zo na farko ko na biyu, to sukari ne ya cika ledar, ko me aka zana a gaba.

Wani dattijo ya ce mini, "Malam, shekara goma ina sayen abu ɗaya, me zan karanta kuma?" Baba, kamfani yana canja haɗi bai canja leda ba. Wata Hajiya a ajinmu na bara ta kawo ledojin garin madara biyu, tsohuwa daga ƙasan kwanonta da sabuwa daga shago. Launi ɗaya, girma ɗaya. Ta ce shayinta ya daina daɗi. Muka jera su a kan benci, muka bi da yatsa. A sabuwar akwai Vegetable fat, wato an cire man madarar an sa man tsirrai a madadinsa. Ba guba ba ce, amma ba abin da ta saba saya ba ne, kuma ba wanda ya gaya mata.

Darasi na 2: Kan layi kafin lamba

Wannan darasin ne yake kayar da mutane. Ku ba ni hankalinku.

Ƙasa da kayan haɗi, ko a gefe, akwai akwati mai layuka da lambobi. Kada ido ya faɗa kan lamba tukuna. Ɗora yatsa a saman akwatin, can ƙololuwa; rubutun da ke nan shi nake kira kan layi. Za ka ga ɗaya daga cikin biyu. Ko Per 100g, wato a cikin kowane gram 100, idan abin sha ne kuma Per 100ml. Ko Per serving, wato a cikin rabon ci ɗaya, kuma kamfani ne ya yanke girman rabon, ba kai ba.

Yatsa a sama. Karanta kan layi. Sannan ka sauko zuwa lamba.

Mu gwada. Lemon kwalba da yawa suna ɗauke da sukari kusan gram 10 a kowane mililita 100. Mutum ya ga 10, ya ce ai kaɗan ne, ya shanye. Amma kwalbar roba ta mililita 500 ce, wato ɗari sau biyar. Goma sau biyar hamsin. Cokalin shayi ɗaya yana ɗaukar sukari kamar gram 4, ke nan ya sha cokali 12 da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da abincin yini yake ba jiki, kusan gram 50 ga babban mutum. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yini.

Ina kuskuren ya faru? Bai duba kan layi ba.

Sake ɗaukar ledarki, Malama. Yatsa a sama. Me aka rubuta? Idan kin ga 1 da sifili biyu, ɗari ne. Yanzu sauko. Madalla. Idan kin ɓata, koma sama, ba abin kunya ba ne. Wanda ya iya lissafin canji a kasuwa ya iya wannan.

Idan za a gwada kaya biyu, a gwada ɗari da ɗari. Kada a haɗa ɗarin wannan da rabon wancan, kamar auna gero ne da mudu a nan, da gwangwani a can. Wani biskit rabonsa guda biyu ne kacal, alhali yaro yana gamawa da ledar duka kafin ya isa makaranta.

Ga dalilin da ya sa nake nanatawa. A Ingila, a 2017, kamfanin Lucozade ya rage sukarin abin shansa da kusan rabi, gabanin harajin sukari da ya fara aiki a ƙasar a 2018. Rage sukari alheri ne ga yawancin mutane. Amma masu ciwon sukari da suka saba kurɓar wani adadi idan sukarinsu ya faɗi, adadin nan ya daina isar su, har sai da aka yi ta jan hankalinsu su duba kwalba. Sunan bai canja ba. Lambar da ke ƙarƙashin ɗari ce ta canja. Mai ciwon sukari a gidanku, a duba masa duk lokacin da aka sayo, ba sau ɗaya ba.

Makon jiya na zagaya aji, mutum tara cikin goma sha huɗu sun karanta mini lamba ba su kalli sama ba. Haba jama'a. Sau nawa zan faɗa? Wasu ma ledar ba su kawo ba, sun ce sun yar. Ba don ni kuke yi ba, don jikokinku ne da hawan jinin da ke damun rabin ajin nan. Ku faɗa tare da ni: yatsa a sama, kan layi, sannan lamba. Kuma. Yatsa a sama, kan layi, sannan lamba.

Darasi na 3: Gishiri

Ba kullum ake rubuta Salt, wato gishiri, ba. Sau da yawa Sodium ake sawa. Ninka lambarsa sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Babban mutum kada ya kai gram 5 na gishiri a yini, ƙasa da cokalin shayi ɗaya ke nan. Dunƙulen miya da garin ɗanɗanon taliyar yara gishiri ne mafi yawansu. Idan kin jefa dunƙule, rage gishirin hannu. Nan ma a duba kan layi.

Darasi na 4: Lambar hukuma da kwanan wata

A Najeriya nemo kalmar NAFDAC da lamba a gabanta. Idan babu, ajiye kayan. Lambar tana nuna an yi rajista, ba ta ce abin ya dace da ciwonka ba.

MFD ranar da aka yi kaya ce. EXP ko BB ranar da ya kamata a gama da shi. Kada a rikita su. Gwangwanin da ya kumbura, a bar shi ko kwanansa bai cika ba.

Darasi na 5: Aikin gida

A kwafo kayan haɗi uku na farko daga leda ɗaya, da kan layinta. A kawo ledar ranar Litinin.