Yadda Nake Koya wa Ɗalibai Su Riƙe Mutanen Wasan Ramuwar Gayya na Middleton

Duk shekarar da na ɗauko wannan wasan kwaikwayo zan karanta da ɗalibaina, kafin mu yi nisa sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai wane ne ɗan wane a gidan nan?" Kuma yana da gaskiya. Wasan shi ne The Revenger's Tragedy, wato masifar da ta auka wa mai ramuwar gayya. An buga shi a Landan a 1607 babu sunan marubuci. An daɗe ana jingina shi ga Cyril Tourneur, amma yau yawancin masana sun tsaya a kan cewa Thomas Middleton ne ya rubuta shi. Labarin a fadar wani sarki na Italiya yake faruwa, kuma wanda bai riƙe mutanen cikinsa da kyau ba, kashe-kashen ƙarshe za su zo masa kamar hayaniyar kasuwa.

Kafin ka karanta ko layi ɗaya, ka ɗauko takarda ka zana gidan sarkin. Sarautarsa Duke, ni dai Sarki nake ce masa. Tsoho ne, furfura ta cika masa kai, amma idonsa bai bar kan matan mutane ba. A ƙarƙashin sunansa ka ja layi uku, kada ka bari su haɗu. Na farko Lussurioso, ɗan matarsa ta fari, yarima mai jiran gado. Na biyu Spurio, wanda ya haifa ba ta hanyar aure ba, ba shi da gado kuma kullum abin na cin ransa. Na uku 'ya'yan matar da yake aure yanzu, su uku, waɗanda ta zo da su daga wani auren: Ambitioso, Supervacuo, da autansu wanda ko suna ba a ba shi ba. Da zarar na rubuta "agola" a gefen waɗannan ukun a allo, sai in ga kawuna suna gyaɗawa. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kan abin da zai faru idan magaji da agololi da ɗan gaba da fatiha suna cin tuwo a gida ɗaya, ga gadon sarauta a tsakiya.

A ɗaya gefen takardar ka zana gidan da talauci ya durƙusar. Akwai Vindice, da ɗan'uwansa Hippolito mai hidima a fada, da 'yar'uwarsu Castiza, da mahaifiyarsu Gratiana. Mahaifinsu bai daɗe da rasuwa ba, baƙin cikin wulaƙancin fada ne ya kashe shi. Can a ƙasan takardar ka rubuta Antonio, wani dattijon bafade, ka kewaye sunan. Za ka manta da shi a tsakiyar wasan, amma shi ne mai magana ta ƙarshe.

Daga nan sai sunaye. Daga harshen Italiyanci aka ɗauko su, kuma kowanne laƙabi ne mai bayyana hali. Vindice mai ramuwa, Lussurioso wanda sha'awa ta rinjaya, Ambitioso mai dogon buri, Supervacuo holoƙo, Spurio jabu, Castiza mai kamun kai, Gratiana kuwa daga kalmar alheri sunanta ya fito. Ka rubuta fassarar a gefen kowane suna. Amma kada ka tsaya nan ka ce ka gama gane su. Lussurioso da Ambitioso sunansu ya bi su har kabari, Gratiana kuwa sai da ta saɓa wa nata kafin ta dawo masa.

Tambayar da ta fi yi mini amfani a aji ita ce: wa wannan ya aika? A fadar nan kusan babu mai yin ɓarna da hannunsa. Matar Sarki ta ji haushin mijinta, domin da aka gurfanar da autanta kan yi wa matar Antonio fyaɗe, Sarki ɗage hukuncin kawai ya yi, bai sake shi ba. Sai ta rama ta hanyar jawo Spurio zuwa shimfiɗarta, shi kuma ya amsa don ya huce haushin haihuwarsa a kan ubansa. Ambitioso da Supervacuo kuwa, da aka kulle Lussurioso, sai suka karɓo zoben hatimin Sarki suka kai wa masu gadin kurkuku, suka ce a kashe ɗan'uwansu ɗan Sarki, ba su faɗi suna ba. Ashe an riga an saki Lussurioso. Ɗan'uwansu ɗaya tak ya rage a kurkukun, autansu, shi aka sare wa kai, aka kawo musu kan suna ta murna a ɓoye kafin su gane na wane ne. Idan zanenka na farko ya yi daidai, wannan kuskuren ba zai ruɗa ka ba.

Yanzu ka ba Vindice mafi yawan lokacinka. Wasan yana buɗewa da shi riƙe da ƙoƙon kan Gloriana, budurwar da zai aura, wadda Sarki ya kashe da guba shekara 9 da suka wuce saboda ta ƙi ba shi kanta. A nan kowa yana bayansa. Sai Lussurioso ya sa Hippolito ya nemo masa kawali, Vindice ya ɓad da kama ya zama Piato ya karɓi aikin. Yarinyar da aka tura shi ya yaudaro, Castiza ce, 'yar'uwarsa. Ya tafi, da niyyar ya gwada ta. Ita ta wanka masa mari, ya ji daɗi a ransa. Sai ya juya kan mahaifiyarsa da zinariya da daɗin baki, yana kwatanta mata talaucinsu da daular fada, har ta yarda za ta shawo kan 'yarta.

Wannan fitowar kada ka karanta ta a zuci. Ka sa mutum biyu su tsaya su karanta da murya, ka saurari yadda kalaman yaudarar suke fita daga bakin Vindice babu gargada. Yana yi yana roƙo a ransa kada uwar ta faɗi, amma bai sassauta ba, duk gwanintarsa ya zuba. Ni a nan nake fara jin tsoronsa. Ɗan da ya iya yi wa mahaifiyarsa wannan tarko, ya riga ya fara zama irin mutanen da yake farauta.

Na taɓa yin kuskure a kan wannan, kuma har yau yana damuna. Mun shirya wasan a makaranta, muka shafa wa ƙoƙon duma farar ƙasa, muka yafa masa mayafi ya tsaya a matsayin kan Gloriana. A wasan, Sarki ne ya sa Piato ya samo masa mace, Vindice ya yi wa ƙoƙon kan ado, ya shafa guba a bakinsa, ya kai Sarki wani ɗaki mai duhu ya sumbace shi. Guba na cin haƙoransa, suka danne masa harshe da wuƙa, suka tilasta masa ya kalli matarsa tare da Spurio kafin ya cika. Na bar yaron da ya fito a Vindice ya yi abin kamar jarumin da ya ci yaƙi, 'yan kallo suka yi ta tafi. Ban ji daɗin tafin nan ba. Na bari an manta cewa gawar wadda yake so ce ya yi wa kwalliya ya miƙa wa bakin wanda ya kashe ta. Tun daga lokacin nake gaya wa mai fitowa a Vindice: ka nuna jin daɗinsa ƙarara, amma ka bar 'yan kallo su ji abin ya yi musu nauyi.

Matan wasan ka ƙirga su har da matattu. Gloriana ƙoƙon kai ce. Matar Antonio ta sha guba bayan fyaɗen, mijinta ya nuna wa fadawa gawarta da littafin addu'a a ƙarƙashin kanta, wani a hannunta, kuma ba a taɓa faɗin sunanta ba. Gratiana sai da 'ya'yanta suka zare mata wuƙaƙe ta yi kuka ta tuba, sannan Castiza ita ma ta gwada ta, ta yi kamar ta amince da Lussurioso don ta ga ko tubar ta gaske ce. Kada ka bari ɗalibai su zagi Gratiana su wuce. Ka tambaye su me bazawara mai 'ya budurwa, babu ko sisi a gida, take gani idan an zube mata zinariya a gaba.

Fitowar ƙarshe da takardarka a hannu za ka karanta ta, kana soke suna kana rubuta wanda ya kashe a gefe. Lussurioso ya hau gado, ana bikin naɗi, Vindice da Hippolito da fadawa biyu suka shigo a matsayin 'yan rawa, fuska a rufe, suka soke shi a wurin liyafa. Ambitioso da Supervacuo da Spurio da wani na huɗu suka biyo baya da irin wannan niyya, suka tarar an riga su, sai suka faɗa wa juna: Ambitioso ya kashe Supervacuo, Spurio ya kashe Ambitioso, na huɗun ya kashe Spurio. Mulki ya koma hannun Antonio. Babu wanda ya san makashin tsohon Sarki, har sai da Vindice, don kada gwanintarsa ta tafi ba a sani ba, ya buɗi baki ya ce shi da ɗan'uwansa ne. Antonio ya ce wanda ya kashe wancan sarkin zai iya kashe shi ma, ya sa a tafi da su a kashe nan take. Ka soke sunan Vindice da na Hippolito, sannan ka bar ɗalibai su yi gardama kan sunan da ya dace a rubuta a gefensu.