Kafin ka zargi kod ɗinka a Unity, leƙa Insifekta tukunna

Duk wanda ya fara haɗa gem a Unity, manhajar nan ta ƙera wasanni, sai ya taɓa kwana yana duba kod layi bayan layi, ƙarshe ya gano ashe wani ɗan akwati ne bai danna ba a allon nan na gefen dama. Allon da suka rubuta wa Inspector nake nufi, ni dai Insifekta nake ce masa, kuma sunan ya dace don in ya ce a'a to kod ɗinka bai isa ya ce e ba.

Wanda ya fi cin mutane shi ne na lamba. Ka rubuta public float speed = 5 a skirif, wato fayil ɗin kod, ka liƙa wa ɗan wasanka, daga baya ka ga yana tafiya kamar hawainiya sai ka koma kod ka maida shi 12, ka danna Play, ba abin da ya canza. Ka kai shi 50, shiru. Abin da ya faru shi ne tun lokacin da ka liƙa skirif ɗin Unity ya kwafe 5 ɗin nan ya adana a jikin abun, kuma wadda ya adana yake bi, ta cikin kod ta zama ado kawai. Gyaran ba wuya, canza lambar a Insifekta. Akwai Reset a ɗigo ukun nan na saman skirif ɗin amma ka yi hattara, komai yake sharewa har abubuwan da ka jajjawo ka saka a ramukan, sai ka sake jawo su ɗaya bayan ɗaya.

Sai na gyara ana cikin Play. Wallahi wannan ya taɓa sa ni kashe laftof na fita shan iska, kusan awa guda ina daidaita tsalle da nauyi har abin ya zauna daidai yadda nake so, ina tsayar da wasan komai ya koma gidan jiya. Duk abin da ka taɓa a jikin kayan da ke cikin sin, wato filin da kake jera kayan wasan, alhali wasa na gudana, na gwaji ne. In ka dace da lambobi masu kyau kar ka tsayar tukunna, danna ɗigo uku ka zaɓi Copy Component, ka tsayar, sannan Paste Component Values. Kuma dan Allah ka shiga Preferences, wajen Colors, ka sa wa Playmode tint launi mai ihu, ni ja na sa, yanzu da na ga allo ya yi ja na san hannuna ya kiyaye.

Ɗan wasa yana nutsewa cikin ƙasa yana wucewa? Kusan kullum ɗayan biyu ne. Ko dai ka danna Is Trigger a kan ƙasar, wanda ma'anarsa a ratsa ta a wuce, wannan na irin su tsabar kuɗi ne da ake ɗauka ba na dandamali ba. Ko kuma ka cakuɗa, ɗan wasa na da Rigidbody2D, abin da ke ba shi nauyi da motsi, ita kuma ƙasa ka ba ta Box Collider, akwatin da ke tare karo, mara 2D a ƙarshe. Injin biyu ne daban, na 2D da na 3D, ba sa ga maciji, ba su ma san da juna ba. Haka a kod, OnTriggerEnter da OnTriggerEnter2D ba ɗaya ba ne, kuma Unity ba zai yi maka ko tari ba, shiru kawai zai yi ka yi ta jira.

Harsashi mai ratsa bango kuwa lissafi ne. Unity na duba karo sau 50 a daƙiƙa in ba ka taɓa saitin ba, kenan harsashin da ke gudun 100 yana tsallake taku 2 a kowane dubawa, in kaurin bangonka rabin taku ne ka ga zai iya kasancewa yanzu yana gabansa anjima yana bayansa, bangon bai ma ji wucewarsa ba. Ka je Collision Detection a Rigidbody ɗin harsashin ka maida shi Continuous, amma ga masu gudu kaɗai, kar ka bi komai ka sa don waya mai ƙaramin ƙarfi za ta ji a jikinta.

In ɗan wasanka na kifewa da ya taɓa gefen dandamali, buɗe Constraints a Rigidbody2D ɗinsa ka danna Freeze Rotation na Z shikenan. In abu ya ɓace a wasa amma kana ganinsa a sin, duba Z ɗinsa, kamarar 2D a -10 take zaune, duk abin da ya koma bayanta ba ta ganinsa. Tag kuma, wato laƙabin da ake sa wa abu don kod ya gane shi, "Player" da "player" ba ɗaya ba ne a wajen Unity.

Firifab, wato samfurin abu da ka adana ake cire kwafi daga jikinsa, shi ma na da nasa. Ka gyara maƙiyi ɗaya a cikin sin, ka yi zaton duk sauran sun samu, sai ka ga waɗanda kod ke haifowa suna fitowa da tsohon hali. Ka lura da rubutun da ya yi kauri da ɗan shuɗin layi a gefensa, alamar wannan kwafin kaɗai ka gyara kenan. Danna Overrides a sama ka zaɓi Apply All, amma ka ɗan karanta jerin kafin ka danna, ni na taɓa tura jinin babban dodo ga duk ƙananan maƙiya, sai ga beran matakin farko ya ƙi mutuwa.