Kurakuran da masu motocin gudu ke yi wajen baƙin mai da zaɓen gareji a Katsina

Wallahi abin yana damuna, mutum ya zuba miliyoyi ya sayi Charger ko Mustang ko C63, ranar juye kuma sai ya miƙa wa yaro makulli ya ce a je a zuba mai, kowane iri aka samu. Mafi yawan lokaci 20W-50 ake ɗura mata, kuma hujjar ɗaya ce kullum, wai Alhaji zafin Katsina sai mai kauri.

Toh a nan ake fara yin kuskure. Lambobin da ke jikin galan ba ado bane, ta farko mai W tana nuna yadda man ke gudana lokacin da inji yake a sanyaye, ta biyu kuma kaurinsa ne idan ya kai zafin digiri 100. Kuma inji mai lafiyayyen lagireto a wajen digiri 90 zuwa 100 yake aiki, a Jamus yake ko a hanyar Daura cikin watan Afrilu da rana tsaka. Injinan yanzu hanyoyin mansu ƙanana ne sosai, ga VVT ga VANOS na BMW, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewa da rufewar bawul, duk da matsin mai suke aiki, idan man ya yi kauri fiye da kima sai ya makara wajen isa saman inji da safe, musamman da hunturu, kuma a waɗannan daƙiƙun na farko ƙarfe ke cin ƙarfe. Charger mai injin 5.7 tana kashe silinda huɗu idan ba a buƙatarsu, 5W-20 kamfani ya rubuta mata saboda wannan tsarin, ka zuba mata 20W-50 kaga ka dagula shi kenan.

Amma kuma kada wani ya ji haka ya ce ashe mai ruwa-ruwa shi ne daidai ga kowa. A'a. Ita Charger ɗin idan samfurin SRT ce mai injin 6.4, 0W-40 take sha, BMW M3 mai injin V8 kuwa 10W-60 ne nata, Toyota 86 kuma 0W-20. Gyaran abu ne mai sauƙi, duba littafin motar ko murfin wajen zuba mai, idan 'yar Kwatano ce ta zo ba littafi ka nema a intanet da shekararta da girman injinta. Motocin Jamus har da lambar amincewa suke so a jikin galan, MB 229.5 na Marsandi, LL-01 na BMW, A40 na Porsche. Inda littafin ya ba ka zaɓi biyu, nan ne zafin garinmu zai yi magana, sai ka ɗauki mai ɗan kaurin a cikinsu.

Sai jabu. Galan mai kyau ba ya nufin man ciki mai kyau ne, ka saya wajen dilan da aka sani, ka duba hatimin murfi, a buɗe a gabanka, kuma ka tafi da galan ɗinka ko ka huda shi don kada a sake cika shi a sayar wa wani. Filta ma kada a ce a bar ta sai juye na gaba, dan Allah a canza tare.

Wani kuma sai ya jira motar da kanta ta nuna masa lokacin sabis ya yi. Wancan lissafin ba a yi shi da ƙurarmu ba, da gajerun zirga-zirga daga Kofar Kaura zuwa GRA, da barin mota a kunne AC na aiki. Ni a ganina kilomita 5,000 zuwa 7,000 ko wata shida ya isa, kuma a riƙa duba filtar iska idan hazo ya sauko.

Batun gareji kuwa, yawan motocin da ke fake a wajen ba shi ne shaida ba. Tambaye shi kawai, Malam wane mai za a zuba mata? Idan ya ce duk ɗaya ne, yi masa godiya ka ja motarka. Haka wanda zai ce a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye wai don kada ta yi zafi, wannan inji zai daina kai zafin da ya kamata, ya yi ta shan fetur, man ma ya lalace da wuri. Ka lura ko yana da kwamfutar duba mota kuma yana karanta abin da ta nuna, ba goge wutar kawai yake yi ya ce an gyara ba. Ka ga kuma yadda zai ɗaga ta, waɗannan motoci ƙasa-ƙasa suke, jak a wajen da bai dace ba yana lanƙwasa gefe. Notin juye ma akwai sifana mai awon ƙarfin ɗauri, don da yawansu mazubin man na alminiyom ne, ɗauri da ƙarfin tsiya yana cinye zaren.

Idan aikin ya wuce juye kuma ba ka samu wanda ya san irin motarka a Katsina ko Daura ba, Kano ba nisa, a ɗora ta a kan babbar mota a kai ta idan har wutar mai ta kama, kada ka ce za ka lallaɓa da ita a haka.