Yadda ake kafa ƙungiyar aminai da tara gudummawa wa gidan baje kolin zane-zane na gwamnati

Duk wanda na ga ya shiga wannan aiki, da bikin ƙaddamar da gidauniya yake farawa. Mu ma haka muka yi. Aka kama zaure, aka buga kati, aka sa wani attajiri babban mai ƙaddamarwa, sanƙira na zuba kirari, ana shelar miliyoyi ana tafi. Bayan wata shida ni ne a kan benci a ƙofar ofis, yaron gida yana ce mini, "Alhaji ya tafi Umara, a dawo bayan Sallah." Abin da ya shigo hannu da ƙyar ya biya zaure da lemo. Don haka ajiye bikin nan tukuna.

Fara da asusu. A Najeriya, tun 2015 kuɗin hukumomin gwamnatin tarayya asusun bai-ɗaya na TSA suke shiga, kuma abin da ya faɗa can ba za ka ciro shi gobe don rufi na yoyo ba. Jihohi da dama ma sun bi sahu. Sai ku yi wa ƙungiyar aminan gidan rajista a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, da sunan amintattu, ku nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, don banki zai tambaya, ku buɗe asusunku. Masu sa hannu uku, biyu su isa a fitar da kuɗi. Shugaban gidan kada ya shiga cikinsu, komai kirkinsa, domin ma'aikacin gwamnati ne, takarda ɗaya za ta ɗauke shi zuwa wani gari. A rubuta yarjejeniya da hukumar gidan kan abin da kuɗin aminai zai yi da wanda ba zai yi ba. Albashi da man janareton ofis ba naku ba ne.

Sai tambayar da mutum zai yi maka: in na biya kuɗin zama mamba me zan samu? Gidan zane-zane na Tate da ke Landan yana da ƙungiyar aminai tun 1958, alhali shiga manyan ɗakunansa kyauta ne. Abin da mamba yake saye shi ne shiga baje koli na musamman da wasu ke biya, da ɗakin hutawa na mambobi. A nan kuɗin ƙofa bai taka kara ya karya ba, yafe shi ba zai ja kowa ba. Kusanci za ka sayar: a kira mamba ya ga sabon baje koli da yamma kafin a buɗe wa jama'a, ya sha shayi da mai zanen, a shiga da shi ma'ajiya sau ɗaya a shekara, 'ya'yansa su zo ajin zane ran Asabar. Kuɗin mamba mataki uku ya isa, na ɗalibai, na iyali, na manya. Na ɗalibai kada ya wuce kuɗin data na wata. Kati kuwa, kwali mai kauri a lulluɓe shi da leda ya wadatar, kada ka kashe kuɗin mamba a kan katin roba.

Yanzu ga inda muka faɗi, wato wajen masu hannu da shuni. Kada ka je wa attajiri da kalmar "tallafi". Tallafi ba shi da kai ba shi da gindi, shi ya sa yake ƙarewa a "Allah Ya hore". Je masa da abu ɗaya, da farashinsa a rubuce: fitilun ɗaki na biyu, ko firam ɗin zane ashirin, ko motar da za ta kwaso yaran firamare zango guda. Kuma kafin ka roƙa, kawo shi ya gani. Rana tsaka ba kowa, ka tsaya da shi gaban zanen da danshi ya fara ci ta gefe, ka yi shiru. Wani dattijo ba ya son ganin zanen mai rai, to ka san mutuminka, ka bi da shi ta wajen zayyanar allo, da dagi, da saƙi, da aikin fata. Wanda zai roƙe shi ma kada ya zama kai in ba sa'anka ba ne, nemi wanda yake jin nauyinsa, ku tafi tare, kai ka riƙe takarda. In ya amsa, a sa rana a wurin, a rubuta, in da hali a tura rabi kafin a tashi. Tambaye shi ko yana son sunansa a bango. Wasu sadakarsu a ɓoye suke so, ka buga sunan ka rasa su. Wasu kuwa sunan ne ke motsa su, kuma ba aibu ba ne, gidan zane na Jami'ar Pan-Atlantic da ke Legas, wanda aka buɗe a 2019, sunan Yemisi Shyllon yake ɗauke da shi, mutumin da ya ba da kuɗi da tarin zane-zanensa.

Sauran aikin littafi ne. Sunan mamba, lambar waya, ranar da rajistarsa za ta ƙare. Wata guda kafin ranar a tura saƙo, bayan mako biyu a kira. Rasit ga kowa, ko na naira dubu ne. Fitilun da aka saya a ɗauki hotonsu a kunne a aika wa wanda ya biya a makon. Ƙarshen shekara shafi ɗaya na shiga da fita, a tura zauren WhatsApp na mambobi.

Bikin kuwa, a yi shi a shekara ta biyu, da na'urar POS a bakin ƙofa.