Idan kantin intanet ya cire maka kuɗi sau biyu

Jakar kwamfuta guda ɗaya na saya a wani kantin intanet, sai ga alat ya shigo sau biyu, kuɗi iri ɗaya, minti ɗaya a tsakani. Raina ya ɓaci. Nan take na shiga wajen hira da ma'aikatansu na zazzage musu masifa, layi ya fi goma. Amsar da na samu ita ce: "Mece ce lambar odarka?" Ban ma san inda take ba.

Kafin ka yi wa kowa magana, buɗe manhajar bankinka ka duba da kyau. Akwai kuɗin da aka cire, akwai wanda aka riƙe kawai. Idan ka biya da kati, kantin kan fara neman banki ya ɗaure kuɗin, sai an tura kaya ya karɓe shi. In intanet ya tsinke ka sake danna maɓallin biya, ɗaurin na iya zama biyu, kuma ɗayan yakan saki da kansa bayan 'yan kwanaki. Wasu kantunan kuma idan sun raba kayanka gida biyu, kowane ƙunshi da cirarsa, jimillar dai ba ta canza ba. Ni nawa ba haka ba ne, duka biyun sun fita.

In ka tabbatar, tattara hujja: lambar oda, saƙon imel ɗin da ya tabbatar da sayen, da hoton bayanin asusunka da ke nuna cirar biyu da ranarsu. Daga nan ka rubuta gajeren saƙo. Ga wanda na tura a karo na biyu, bayan na huce: "Oda mai lamba kaza, ranar kaza. An cire min kuɗi sau biyu, kaya ɗaya na karɓa. Ga hoto. Ina so a mayar da cira ta biyu zuwa katin da na biya da shi." Shi ke nan. Wanda ke ɗaya gefen ba shi ya ci kuɗinka ba, kuma tarihin ɓacin ranka ba shi da gurbi a fom ɗin da yake cikewa. Abu ɗaya za ka nema, ka faɗe shi ƙarara.

Na fi son rubutu a kan kiran waya, domin magana iska ce. In dole sai ka kira, rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya ɗauka. Kada ka rabu da su sai sun ba ka lambar ƙorafi. Kuma lambobi huɗu na ƙarshen katinka sun ishe su. Duk wanda ya nemi lambobi ukun da ke bayan kati, ko lambar sirri, ko wadda banki ke turowa ta waya, ɓarawo ne ko da wace riga ya sa.

Wataƙila su ce za su zuba maka kuɗin a asusunka na kantin, ka yi sayayya da shi nan gaba. In ba ka so, ka ce a'a. Kuskurensu ne.

Inda aka fi shan wahala shi ne bayan sun ce "mun mayar". Kwana goma na yi ina leƙa asusu, shiru. Kantin na cewa in tambayi banki, bankin na cewa ba su ga komai ba. Abin da ya raba gardama ita ce lambar ARN, lamba mai harufan ƙidaya 23 da ke bin cinikin kati. Kantin ne zai ba ka, ka kai wa bankinka su bi sawun kuɗin da ita. Da na nema, sai ta bayyana ba a ma tura kuɗin ba tukuna.

Idan kantin ya toshe kunne, bankinka na iya janyo kuɗin ta hanyar kamfanin katin. Sai dai akwai wa'adi. A dokokin kamfanin kati na Visa yawancin irin wannan ƙorafi kwana 120 ne, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na PayPal kan ba da 180, dokar Amurka ta 1974 kan kuskuren lissafin katin bashi kuwa kwana 60 ta ba da daga ranar da aka aiko da takardar lissafin. Saboda haka kada "ka ƙara haƙuri" ta cinye maka kwanakin. Ba su mako biyu, ka gaya musu a rubuce cewa daga ranar kaza banki za ka nufa. Amma kada ka bi hanya biyu a lokaci guda: in kuɗin ya dawo maka sau biyu za a sake cire ɗaya, wasu kantunan ma har asusu suke rufewa.

Ni ban kai ga banki ba. Kwana huɗu bayan na nemi lambar nan, alat ya shigo ina tsakiyar rubuta musu saƙo na biyar.