Yadda Ake Tuƙi Don Rage Shan Mai a Katsina

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai mota a Katsina ya koma lissafin lita kafin ya kunna inji. Makanike na da nasa aikin, amma kaso mai tsoka na man da mota ke sha ƙafar direba ta dama ce ke yanke shi. Ga yadda za ka bi.

Da farko ka san cin motarka. Cika tanki, ka rubuta lambar kilomitar da ke jikin allon mota. Ranar da ka koma gidan mai ka sake cikawa, ka raba tafiyar da ka yi da yawan litar da ta shiga. Da wannan lissafin ne za ka gane ko canjin tuƙi ya yi amfani.

Na biyu, iskar taya. Ka je wurin fakanaiza da safe kafin taya ta ɗauki zafi, a auna da geji, ba da bugun ƙafa ba. Adadin da ya dace yawanci yana rubuce a jikin ƙofar direba. Taya mai ƙarancin iska tana jan ƙasa, inji ya yi ta wahala.

Na uku, daina barin mota tana ƙugi a ƙofar gida da sunan ɗumama inji. Motar injekta, wato irin ta zamani mai na'urar fesa mai cikin inji, ba ta buƙatar haka, ko da hunturu. Ka tashi a hankali, za ta yi ɗumi a hanya. In kuma jiran wani kake a bakin kasuwa, kashe ta.

Na huɗu shi ne babba: totur da birki. Duk lokacin da ka taka birki da ƙarfi, man da ka ƙona don samun wannan gudun ya tafi a banza. Tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, ga shataletale, ga masu Keke Napep da ke tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, fizgar mota ba ta kai ka ko'ina da wuri. Ka riƙa hangen nesa, ka ba na gabanka tazara, ka ɗage ƙafa tun kafin ka iso cunkoso. Mai giyar hannu ya sauya zuwa ta sama da wuri, kada ya bar inji yana kuka a giya ta biyu.

A hanyar Daura, ta Mashi, riƙe gudu ɗaya, kamar kilomita 80 zuwa 90 a awa. In gudu ya ninka, turjiyar iska sau huɗu take ninkawa, shi ya sa mai zuba 130 tankinsa ke saurin yin ƙasa. Kuma don Allah a bar sa mota a firi a gangara, balle kashe inji, wanda ke taurara birki da sitiyari. Motar injekta in tana cikin giya ka ɗage ƙafa, ita da kanta take datse mai.

Sauran ƙanana ne. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, sai a riƙa duba ta. Sauke tarkacen da ke cikin but. Aikace-aikacen gari kuma, kasuwa da ɗauko yara daga makaranta, a haɗa su a fita ɗaya, domin inji mai sanyi ya fi shan mai.