Yadda Ake Neman Mafita Idan Manhajar Sabar Ta Samu Matsala

Duk wanda ya ɗan daɗe yana rubuta manhajar da ke aiki a bayan shafin intanet, wato ɓangaren sabar, ya san irin wannan safiyar: shafin da aka kwana yana aiki lafiya an wayi gari ya yi fari fat, ko ya nuna lamba 500 ba tare da wani ƙarin bayani ba, mai shafin kuma sai kira yake yi. Abin da yawancin masu koyo suke yi a nan shi ne su kwafi ɗan saƙon da suka gani su liƙa a injin bincike, su ɗauki amsar da ta fara fitowa su dasa a cikin aikinsu. Wani lokaci a dace, amma sau da yawa sai lamarin ya ƙara dagulewa, domin amsar an rubuta ta ne shekaru da dama da suka wuce don wani zubi na manhajar daban da nasu. Madogaran da ake neman mafita a cikinsu hawa-hawa ne, kuma wanda ya san wanda zai fara tambaya ya rage wa kansa wahala mai yawa. Zan kafa misalaina da harshen PHP, da rumbun bayanai na MySQL, da Nginx, wato manhajar da ke karɓar buƙatun burauza a sabar, domin su na fi sabawa da su, amma hanyar ɗaya ce ga mai aiki da Python ko Node.js.

Madogara ta farko ita ce sabar da kanta, domin kusan duk abin da ya same ta tana rubuta shi a rajistar kurakurai. A kan nau'o'in Linux na Ubuntu da Debian, Nginx yana ajiye tasa a `/var/log/nginx/error.log`, Apache kuma a `/var/log/apache2/error.log`, yayin da dangin Red Hat suke amfani da `/var/log/httpd/error_log`. Ka buɗe tagar umarni, ka rubuta `tail -f` tare da sunan fayil ɗin, sannan ka koma burauza ka sake loda shafin da ya ƙi buɗewa, za ka ga layin kuskuren ya bayyana a daidai lokacin. Ka karanta shi har ƙarshe, domin a can ne yawanci sunan fayil da lambar layin da aka samu matsalar suke. Idan babu komai a rajistar, ka duba fayil ɗin saitin PHP, wato `php.ini`, ka tabbatar `log_errors` a kunne yake. Kada ka kunna `display_errors` a shafin da jama'a suke shiga don kawai ka ga kuskuren da sauri, saboda hakan yana tallata sunayen foldoji da teburorin bayananka ga duk wanda ya leƙo, har da mai mugun nufi.

Lambar da burauza ta nuna ma bayani ce, kuma ma'anar kowace an fayyace ta a takardar ƙa'idar HTTP mai suna RFC 9110, wadda aka fitar a watan Yuni na 2022. Lamba 500 tana nufin manhajarka ce ta faɗi. Lamba 502 kuwa tana nufin Nginx ya miƙa buƙata ga wanda ke bayansa, misali PHP-FPM, wato manhajar da ke gudanar da PHP a sabar, bai sami amsa mai ma'ana ba, kuma abin da ya fi jawo hakan shi ne PHP-FPM ya mutu, ko an sabunta PHP sunan soket, wato fayil ɗin da su biyun suke magana ta cikinsa, ya canza amma saitin Nginx yana nan yana neman tsohon. Lamba 504 tana nufin an jira har an gaji, kuma Nginx daƙiƙa 60 yake jira idan ba a canza masa saiti ba. Wanda ya bambance waɗannan uku ba zai ɓata awa biyu yana tonon manhajarsa ba alhali laifin yana cikin layi ɗaya na saiti.

Matsalar ɗora hoto ko takarda misali ce mai kyau ta yadda abu guda yake da ƙofofi da yawa. Nginx ba ya karɓar abin da ya wuce megabait 1 sai an ɗaga `client_max_body_size`, in ba haka ba ya mayar da lamba 413. Idan fayil ya tsallake wannan, PHP yana da `upload_max_filesize` mai megabait 2, da `post_max_size` mai megabait 8. Na ƙarshen ya fi ruɗarwa, domin idan aka wuce iyakarsa, `$_POST` da `$_FILES`, inda PHP yake ajiye abin da fom ya aiko, duka sukan zo fayau babu komai a ciki, sai mutum ya zaci fom ɗinsa ne ya lalace. Littafin jagoran PHP ya faɗi wannan ƙarara a bayanin saitin, amma sai wanda ya je ya karanta.

Kafin ka buɗe kowane littafin jagora, ka san zubin da kake aiki da shi. Ka rubuta `php -v` da `mysql --version` da `nginx -v`, ka ajiye lambobin a gabanka. A kan Ubuntu akwai wani tarko a nan: PHP na tagar umarni da PHP-FPM kowanne da nasa `php.ini`, ɗaya a foldar `cli`, ɗaya a foldar `fpm`, saboda haka mutum zai iya gyara saiti sau biyar bai ga canji ba domin ba fayil ɗin da shafin yake karantawa yake taɓawa ba. Bayan gyara kuma dole a sake tayar da PHP-FPM. Dalilin da ya sa nake nanata batun zubi shi ne harshen ya canza ƙwarai tun lokacin da Rasmus Lerdorf ya fitar da shi a 1995. Umarnan da suka fara da `mysql_`, waɗanda suka cika tsofaffin darussa, an cire su ɗungurungum a PHP 7.0 a watan Disamba na 2015. A PHP 8.0, wanda ya fito a Nuwamban 2020, an canza yadda ake kwatanta lamba da rubutu, ta yadda `0 == "abc"` da a da yake gaskiya ya koma ƙarya, sannan PDO, wanda PHP yake magana da rumbun bayanai ta hanyarsa, ya fara jefa kuskure a fili maimakon ya yi shiru kamar da. Amsar da ta dace a 2012 tana iya zama ita ce silar matsala a yau.

Daga nan sai littafin jagora na hukuma, wanda shi ne alƙali idan maganganu suka saɓa. Akwai gajeriyar hanya: rubuta `php.net/` ka ɗora sunan umarnin, kamar `php.net/strpos`, zai kai ka shafinsa kai tsaye. Yawancin mutane misalin da ke ƙasa kawai suke dubawa, alhali sassa biyu sun fi shi amfani, wato bayanin abin da umarnin yake mayarwa, da jerin canje-canjen da aka yi masa daga zubi zuwa zubi. Ɗauki `strpos` ɗin nan: idan abin da ake nema yana farkon rubutu yana mayar da 0, idan babu shi kuma yana mayar da `false`, kuma wanda ya gwada da `==` maimakon `===` zai ɗauki biyun abu ɗaya ne. Gargaɗin yana nan a shafin cikin akwati na musamman. Bayanan da masu amfani suka ƙara a ƙasan shafi kuwa ba na hukuma ba ne, don haka a duba shekarar da aka rubuta kowanne kafin a yi aiki da shi. Littattafan MySQL da PostgreSQL da Django duk suna da kwafi daban ga kowane zubi, kuma injin bincike yakan kai mutum tsohon kwafi, saboda haka a riƙa duba lambar da ke cikin adireshin.

Akwai matsala guda da ta shafe mu kai tsaye, mu da muke gina shafukan Hausa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta domin tana nuna yadda ake haɗa madogara da gwaji. An rubuta "ƙasa" a fom, an ajiye, da aka dawo da ita sai ta fito "?asa" ko "Æ™asa". Waɗannan alamu biyu cututtuka biyu ne daban. Harafin ƙ a tsarin ajiye haruffa na UTF-8 bait biyu ne, C6 da 99, kuma idan aka karanta su da tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai sai na farko ya zama Æ, na biyu ya zama ™. Haka ɗ takan koma "É—". Ganin irin wannan yana nufin bayanan suna nan lafiya, karatun ne aka yi ba daidai ba. Alamar tambaya kuwa ta fi muni, domin sau da yawa tana nufin an tura harafin cikin ginshiƙin teburi mai tsarin `latin1` wanda bai san da ƙ ba, aka maye gurbinsa tun wajen ajiya, kuma ba ya dawowa sai an sake shigar da rubutun. Don ka rabe tsakaninsu, ka tambayi rumbun bayanai da `SELECT HEX` a kan ginshiƙin: idan ka ga C699 harafin yana raye, idan ka ga 3F ya riga ya salwanta.

Maganin yana buƙatar wurare huɗu su yi magana da murya ɗaya: fayil ɗin manhajar, sanarwar `charset=utf-8` da ake aika wa burauza, haɗin da ke tsakanin PHP da MySQL inda ake sa `charset=utf8mb4`, da kuma teburin kansa. Har zuwa zubi na 5.7, `latin1` ne tsarin da MySQL yake ɗauka da kansa, sai a 8.0 na 2018 aka koma `utf8mb4`, shi ya sa tsofaffin shafuka suka fi fama da wannan. A lura kuma cewa abin da MySQL ya daɗe yana kira `utf8` bait uku kawai yake ɗauka, ya ishi haruffanmu masu lanƙwasa amma bai ishi emoji ba, wanda yake jawo kuskure mai lamba 1366. Inda nake son mai karatu ya yi hattara sosai shi ne wajen gyaran tsohon teburi. Amsar da aka fi yaɗawa ita ce a yi `ALTER TABLE` tare da `CONVERT TO`, amma idan bait ɗin da ke ciki dama UTF-8 ne aka cusa a ginshiƙin `latin1`, wannan umarni zai sake fassara su ya daskarar da ɓarnar. Littafin MySQL, a sashen `ALTER TABLE`, ya ba da hanyar da ta dace da wannan hali: a fara mayar da ginshiƙin `BLOB`, sannan a mayar da shi rubutu mai `utf8mb4`. Na taɓa gaggawa a irin wannan aiki na wata ƙaramar makaranta, sunayen ɗalibai da yawa suka rikice, kuma kwafin ajiyar da na ɗauka da `mysqldump` kafin na fara ne kaɗai ya cece ni. Ko a cikin PHP ma batun bai ƙare ba, domin `strlen` zai ce "ƙasa" tana da 5 tunda bait yake ƙirgawa, `mb_strlen` ne zai ba da 4, kuma `mb_strtoupper` ne yake iya mayar da ƙ zuwa Ƙ.

Akwai wani rukuni na madogara da aka tsara bisa tambaya da amsa: ga matsala, ga maganinta, ga dalili. Suna da amfani ƙwarai idan ka san abin da kake son yi amma ba ka san sunan umarnin ba, kamar aika wasiƙar imel, ko rarraba sakamako shafi-shafi, ko sarrafa kwanan wata. Ma'aunin da nake auna su da shi mai sauƙi ne: wanda ya faɗi zubin da ya gwada, ya kuma bayyana dalilin da ya sa maganin yake aiki, shi ne abin riƙewa. Wanda ya ce a ba folda izinin `777`, wanda yake buɗe ta ga kowa, don kuskuren izini ya ɓace, ko a kashe binciken takardar shaidar tsaro don haɗi ya yi aiki, ya kawar da alamar ciwo ne ya bar ƙofa a buɗe. Kowane layi ka ɗauko daga irin wannan wuri, ka koma littafin hukuma ka karanta shafin kowane umarnin da ke cikinsa kafin ya shiga aikinka.

A kan tsaro kuwa ban yarda a dogara da amsar da aka tsinta a hanya ba ko kaɗan. Ƙungiyar tsaron manhajoji ta OWASP, wadda ta fara aiki a 2001, tana da jerin manyan haɗurra goma na manhajojin intanet, kuma a jerin 2021 raunin iyakance izini ne a kan gaba, cusa umarni ta cikin fom yana na uku. Tana kuma da gajerun takardun jagora a kan kowane batu, daga ajiye kalmar sirri zuwa karɓar fayil. Abin da suke koyarwa a kan SQL bai da wuya: kada a taɓa haɗa abin da baƙo ya rubuta da jumlar tambaya kai tsaye, a yi amfani da `prepare` da `execute` na PDO. Kalmar sirri kuma a ajiye ta da `password_hash`, wanda yake cikin PHP tun zubi na 5.5, a bar tsohuwar hanyar MD5.

Idan duk wannan bai fito da matsalar ba, sai a rage ta har ta zama ƙarama. Ka cire burauza daga lissafi ta hanyar `curl -i`, wanda zai nuna maka ainihin amsar sabar. Ka kwafi ɓangaren da kake zargi cikin fayil mai layi goma ka gwada shi shi kaɗai. Tambayar SQL mai nauyi ka sa mata `EXPLAIN` a gaba ka ga ko tana bin dukan teburi ne layi-layi. Idan kuma abin yana aiki makon jiya, umarnin `git bisect` na Git, manhajar da ke adana tarihin aiki, zai riƙa raba tarihin canje-canje biyu har ya tsaya a kan wanda ya kawo ɓarakar, kuma ko canje-canjen sun kai dubu, gwaji kusan 10 ya wadatar.

Saboda tsadar data da katsewar layi, yana da kyau littattafan nan su kasance a cikin kwamfutarka. Ana iya sauke littafin PHP gaba ɗaya daga shafinsa, DevDocs yana ajiye littattafai da dama a cikin burauza don karantawa ba tare da intanet ba, manhajar Zeal ma haka take yi a Linux da Windows, kuma `man curl` ko `man tail` suna nan a sabar a kowane lokaci. Sannan ka buɗe fayil naka na kanka, inda duk matsalar da ta cinye maka fiye da rabin awa za ka rubuta saƙon kuskurenta harafi da harafi, da zubin manhajar, da abin da ya jawo ta, da umarnin da ya gyara ta, da kwanan wata. Ka ajiye shi a Git tare da sauran aikinka, domin ranar da kuskure 2002 na MySQL, wato kasa haɗuwa da rumbun bayanai, ya sake fitowa bayan wata shida, `grep` ɗaya zai tuna maka cewa `localhost` ta soket yake bi, `127.0.0.1` kuma ta TCP.